Hazon Kwalkwalawa a kan takarda

Asabar, 30 ga Nuwamba, 2024

Takardun sun iso jiya da la'asar a motar Kano, an naɗo su cikin kwali kamar tabarma. Guda biyar ne, kowace santimita 56 a 76, ta auduga zalla, mai kaurin da ake kira giram 300. Kuɗinsu ba zan rubuta a nan ba, don uwargida ta iya karatu.

Shekara goma sha tara ina rubuta allon shago da bayan mota a garin nan na Sakkwato. Hannuna fentin mai ya sani, da layin da ba ya karkacewa, da harafin da ake rufe wa baki tsaf har mai tafiya a kan babur ya karanta daga nesa. Tun da injin buga bana ya shigo gari aikin ya ja baya, safiyar Asabar ta zama tawa. Abin da na ƙudura shi ne in zana fadamar Kwalkwalawa da safiyar hunturu, yadda take bayyana in mutum ya bi hanyar jami'a ya ƙetare gada ya juya gabas, kuma da kalar ruwa zan yi, wadda 'yan makaranta ke kira wata-kala.

Samun kalar ma sai da aka yi 'yar dariya. Na shiga babbar kasuwa na ce ina neman fentin ruwa, yaron shago ya kinkimo mini bokitin fentin bango. Da na yi bayani sai ya miƙo mini irin ta yara, mai ƙwaya goma sha biyu a faranti, wadda in ta bushe take komawa kamar alli. Daga ƙarshe tare da takardun na yi saƙon 'yan bututu shida: shuɗi biyu, rawaya biyu, ja ɗaya, da wata ruwan ƙasa mai ja-ja da ake kira siyena.

Salon da nake bi sunansa imfireshanizim, ni kuwa a raina zanen kallon farko nake ce masa. A Faransa ya taso. A 1874 wasu masu zane suka haɗu suka baje aikinsu a Paris, cikinsu har da Kulod Mone, wanda ya kawo hoton fitowar rana a wata tashar jiragen ruwa da ya zana a 1872. Wani ɗan jarida ya ɗauki kalma daga sunan hoton ya yi musu ba'a da ita, wai aikin bai kai zane ba, sai ba'ar ta zame musu suna. Hoton nan shi ya ja ni: jar rana ƙarama cikin hazo, kwale-kwale kamar inuwa, ba layi ko ɗaya. Da na gan shi a waya na ce ai wannan safiyarmu ce ta Disamba, ruwan ne kawai ya fi namu yawa.

Asabar, 7 ga Disamba

Bayan sallar asuba na ɗaure allon katako a bayan babur, na bi ta Runjin Sambo. Kafin in kai gada yatsuna sun daskare. Na samu wuri a kan wani ɗan tudu, ƙasa da ni fangalin albasa a jere, can gaba gawo ɗaya tsaye shi kaɗai, bayansa giginyu uku da layin gulbi. Rana ba ta nuna fuska ba sai wajen bakwai da rabi, kuma da ta fito fara ce fat kamar faifan azurfa, ana iya kallonta ido da ido.

Na yanka takarda ɗaya gida huɗu don gwaji. Na jiƙa babban burushi na ja layin farko na sararin sama daga hagu zuwa dama, na koma in ɗebo kala, kafin in dawo layin ya bushe ƙayau. Na biyu ya hau kansa ya bar kan iyaka. Haka na uku. Da na kai ƙasan takarda sama ta fito ratsi-ratsi kamar saƙi. A bidiyon da na kalla mai koyarwa yana jan layi, ya tsaya ya yi surutu, ya dawo ya tarar da takardarsa da danshi. Shi yana ƙasar da iska ke ɗauke da ruwa. Iskar da ke fasa mana leɓe da diddige ba za ta bar wa takarda komai ba.

Wani tsoho mai fangalin da ke ƙasa da ni ya hau tudun, mayafi a wuya, ya tsaya a bayana ya daɗe.

"Malam, mi kaka yi nan tun da sahe?"

Na gaishe shi na ce zane nake gwadawa, na fadama.

Ya dubi takarda, ya dubi fadama. "Awo. To Allah shi taimaka." Ya sauka ya je ya tada injinsa.

Lahadi, 8 ga Disamba

Gwajin jiya duk sun kumbura sun yi tudu da kwari, kala ta taru a kwarin. Salatif ba ya riƙe jiƙaƙƙiyar takarda. Yau na tsoma guda biyu a baho na 'yan mintoci, na shimfiɗa a allo, na yanka tsohuwar ambulan siri-siri na shafa mata ƙaro na manne gefe huɗu. Zuwa azahar sun bushe sun ɗame kamar fatar kalangu.

Asabar, 14 ga Disamba

Yau ban zana komai ba sai ɗigo-ɗigon kala a gefen takarda. Zama na yi ina kallo, ina tambayar kaina launin kowane abu, ba launin da na san shi da shi ba, wanda idona ke gani a lokacin.

Abin ya ba ni kunya. Shekara da shekaru in zan yi wa harafi inuwa baƙi nake sa masa. A fadamar nan babu baƙi ko ɗigo. Inuwar gawo a kan yashi shuɗi-shuɗi ce mai ɗan ja a ciki, kusan launin rinin da ya sha wanki. Albasa da na ɗauka kore ce, ta kusa da ni kore ce mai toka-toka, ta tsakiya ta koma ruwan toka, ta nesa kuwa ba ta da launin da zan kira da suna. Masu koyarwa suna cewa abin da ke nesa shuɗi yake komawa. Watakila a damina. A hunturu ƙura ce tsakaninka da nesa, don haka giginyun can ba shuɗi suka yi ba, sun yi fari-fari mai ɗan ruwan hoda, kamar an hura musu garin dawa. In na bi littafi na sa musu shuɗi, fadamar wani gari zan zana.

Na gano cewa shuɗi mai duhu da siyena in sun haɗu suna ba da toka mai rai, a ƙara shuɗin ta yi sanyi, a ƙara siyenar ta yi ɗumi. Da su biyu kaɗai za a iya yin rabin hoton. In na haɗa kala ta wuce uku sai ta zama taɓo.

Gawon shi ne kaɗai mai cikakken ganye a gefen tudu, don shi a rani yake tofo, damina ta zo ya kaɗe. A hoton shi zai riƙe ido.

Tsohon ya sake hawowa. Yau ya zauna. Na ba shi shayi daga fulas, ya ce mini tun yana yaro da jigo ake ban ruwa a nan, kafin inji ya zo. Ya nuna mini da sanda inda ruwa ya kai a ambaliyar 2010, shekarar da hanyar jami'a ta yanke.

Laraba, 18 ga Disamba, da dare

Ina karanta abin da ke cikin kalar ruwa sai na yi dariya ni kaɗai. Garin launi ne da ƙaro. Ƙaron nan dai na dakwara, wanda ake tsinta a dazukanmu a loda a buhu a fita da shi waje, shi ne aka dama aka dawo mini da shi cikin bututu da tsada. Wasu kamfanonin suna ƙara zuma ko gilisarin don kada ta bushe ta tsage. Tun ina makarantar allo nake ganin ana jefa ƙaro a tawada don ta kama allo ta yi sheƙi, kuma ruwa ya wanke ta in an so. Ashe sana'ar ɗaya ce.

Sai na ce bari in gwada tawa. Na ɗebo jar ƙasa daga wani rami a hanyar Kware, na daka a turmin yaji (an yi mini magana a kan wannan), na zuba a kwalba da ruwa na girgiza. Yashi ya fara kwantawa cikin ɗan lokaci, sai na tsiyaye jan ruwan da ke sama a wata kwalba na bar shi ya kwana. Da safe laushin ya kwanta a ƙasa kamar kamu. Na zubar da ruwan, na shanya laushin a faranti. Ƙaro kuma na jiƙa awo ɗaya a ruwan ɗumi awo biyu, ya narke, na tace da tsohon kallabi. Na haɗa su a kan gilashi ina murzawa da gindin kofi har hannuna ya gaji.

Abin da ya fito bai kai na bututu laushi ba. In na shafa a jiƙaƙƙiyar takarda sai ƙwayoyinsa su zauna cikin ramukan takardar su yi tsaki-tsaki. Da farko na ɗauka aibi ne. Da ya bushe na ɗaga shi a fitila, sai na ga yashin tudun da nake zama a kai, sak.

Asabar, 21 ga Disamba

Na ƙara zuma a ruwan da nake wanke burushi don ya rage saurin bushewa. Ya rage kaɗan. Ƙudajen fadama kuma suka samu labari. Ɗaya ya sauka a sararin sama ya yi tafiyarsa har gulbi, ya bar sawu. Zuma ta koma kicin.

Asabar, 28 ga Disamba

Hazo ya ɗauke. Gari ya waye tangaran, ana hango har itatuwan ƙetaren gulbi ɗaya bayan ɗaya, inuwa ta yi kaifi. Na zauna da allo a cinya na rasa abin yi, don wurin da na zo zanawa ba ya nan. Gawon dai shi ne, giginyun su ne, amma hoton ya tafi.

A nan na fahimci abin da ya sa Mone ya yi ta zana tarin hatsin maƙwabcinsa daga 1890 zuwa 1891, hoto wajen 25, abu ɗaya, da safe da yamma, cikin rana da cikin ƙanƙara. Yakan fita da alluna da yawa, haske ya canza ya ajiye wannan ya ɗauki wancan. Shi da fentin mai yake aiki, wanda ke jiran mutum ya dawo gobe ya ɗora. Tawa kalar ba ta jira kuma ba ta yafiya: babu farin fenti, farin takarda shi ne hasken, in ka rufe shi ya tafi ke nan. Daga mai haske ake farawa a gangaro zuwa mai duhu, akasin yadda nake yi a allon shago, inda nake shafe katako da duhu in ɗora farin harafi a kai.

Tun da na riga na zo, na yi ƙananan gwaji shida, kowane kamar tafin hannu, minti goma-goma, na rubuta lokaci a ƙasan kowane. Na bakwai da kwata da na takwas da rabi in ka ajiye su tare ba ka ce wuri ɗaya ba ne.

Asabar, 4 ga Janairu, 2025

Hazo ya dawo da ƙarfinsa, na fita da cikakkiyar takarda. Sama ta yi kyau fiye da kullum, don na jiƙa takardar sharkaf kafin in sa kala. Giginyun na ɗiga su tun da sauran danshi, suka bazu suka yi laushi kamar ana ganinsu ta cikin labule. Har nan lafiya.

Sai na zo kan gawo. Na sa masa kore da toka, ya zauna daidai, kuma da na tsaya a nan da an gama. Amma na dube shi na ga gefensa a buɗe, hannuna ya ƙi yarda. Na ɗauki ƙaramin burushin da nake rubutu da shi na bi gindinsa da layi. Da na yi gindi sai rassa suka nemi nasu. Na bi fangali ɗaya-ɗaya na ja musu iyaka, na gyara bakin gulbi. Ban farga ba sai da na ja da baya: ga sama ta hunturu, ga kuma gawo a gabanta kamar wanda aka yanko daga littafin firamare aka manna. Garin neman gira na rasa ido. Na yi ƙoƙarin goge layin da jiƙaƙƙen tsumma, takardar ta yi gashi, wurin ya koma taɓo.

Tsohon ya ce wannan ya fi na baya kyau, don yanzu ana gane itace. Ban ce komai ba. Kusan duk wanda zan nuna wa a garin nan haka zai ce, kuma ba laifinsu ba ne, ni ma abin da nake sayar musu ke nan shekara goma sha tara.

Saura takarda uku. Ƙaramin burushin na cire shi daga jaka na bar shi a shago.

Juma'a, 10 ga Janairu

Bayan masallaci na biya gidan Baffa na gaishe shi, na kawo maganar da ke damuna. Kowace safiya garken shanu na ratsa fadamar zuwa gulbi, farare, balbelu na biye da su, wani lokaci har da raƙumi ɗauke da kaya a kan hanya. Fadama ba dabba kamar gida ne ba mutane. Amma ban taɓa zana mai rai ba, ko a bayan mota dawisu da zaki wasu nake bar wa.

Baffa ya kawo mini maganar Ibn Abbas ga mai sana'ar zane da ya zo masa da tambaya, cewa in ba makawa ya zana itace da abin da ba shi da rai. Na nuna masa gwajin ranar 28, inda garken ya fito ɗigo biyar na farin takarda da 'yar inuwa a ƙasa, ba kai ba ƙafa. Ya kawo shi kusa da ido, ya nisanta shi.

"Ɗana, ina shanun?"

Na ce su ne waɗannan fararen.

Ya ce shi dai bai ga sa ba, ya ga wurin da ban shafa ba. Ya miƙo mini takardar ya shiga tambayar yara. Ban matsa ba, shi ma bai ƙara ba. A haka zan bar su, daga inda nake zama ma iyakar abin da ido ke samu ke nan.

Asabar, 18 ga Janairu

Na canza dabara. Sama da nesa a gida na yi su, ƙarfe shida, a ɗaki, ƙofa da taga a rufe, na yayyafa ruwa a ƙasa na rataya jiƙaƙƙen zane. Takardar na jiƙa ta ciki da baya na kwantar a kan gilashin tsohon tebur, ta manne da kanta, danshin bayan yana ciyar da gaban. Da haka na samu kusan kwata na awa ina aiki, maimakon 'yan daƙiƙu. Na san masu salon nan a fili suka yi suna, bututun fenti ma da aka ƙirƙiro a 1841 shi ya sauƙaƙa musu fita. To su yi haƙuri. Na yi Asabar shida ina kallon wurin, gwaji na gabana a jere.

Rawaya tsararo na fara shimfiɗawa, ruwa-ruwa kamar farau-farau, na zagaye wurin rana na bar shi fari. Tun da danshi na sako toka mai ɗumi daga sama, na karkata gilashin ta gangaro da kanta. Jar ƙasata na sa a ƙasan takarda. Na sa kalar ta fi abin da nake so duhu kaɗan, don in ta bushe haske take yi. Giginyu taɓawa uku-uku. Sannan na sa hannuna a aljihu na fita tsakar gida, don kada in taɓa.

Da ta bushe na ɗame ta a allo na tafi fadama da ita wajen takwas. Gawo a can na yi shi, da babban burushi, na riƙe shi daga can ƙarshen ƙota yadda yatsu ba za su iya yin rubutu ba. Taɓawa ba ta kai ashirin ba. Gefensa na dama, wajen rana, na bar shi ya narke cikin hazo. Fangalin albasa ja huɗu ne na kore da busasshen burushi, farin takarda na leƙowa ta tsakani kamar ruwan da ke kwance a cikinsu.

Asabar, 25 ga Janairu

Ina ƙara inuwa a gaban hoton, wurin bai gama bushewa ba, ɗigon ruwa ya faɗo daga ƙotar burushi. In ruwa ya sauka a kalar da ta fara shan iska, tura ta yake yi gefe, ya buɗe kamar fure mai baki cako-cako. Ina kallo ya buɗe, faɗin kwabo, a ƙasan hagu. Na ɗaga tsumma, na tuna 4 ga wata, na ajiye.

Na bar shi ya bushe. Na ɗiga toka mai duhu a gefensa, ƙanƙanuwa, don in rage masa fari.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Sanyi ya fara sauka, yau ban sa safar hannu ba. Na yanke hoton daga allo da reza na kai fadama cikin kwali. An fara cirar albasa a fangalin da ke kusa da hanya, buhuna a tsaye.

Na jingina shi a gindin tudu na ce wa tsohon ya dube shi daga inda yake, kada ya matso. Ya share hannu a riga ya tsaya kamar taku goma.

"Wanga gawonmu na," in ji shi. Ya yi shiru. "Ranar da sanyin ga ya yi yawa ta."

Sai ya nuna ƙasan hagu da haɓa, wurin ɗigon ruwan da 'yar tokar da ke gefensa, ya ce ga injinsa nan ma yana hayaƙi, amma na sa shi nesa da rijiya, ba nan yake ajiye shi ba. Ya matso don ya nuna mini daidai wurin, da ya zo dab da takardar ya tsaya, ya ɗan ja da baya, ya sake matsowa. Ya ce abin mamaki, in an zo kusa sai ya ɓace.

Ya ba ni albasa cikin leda, na ƙi, ya rataya ta a madubin babur. Takarda biyu suka rage, na mayar da su kwali na ɗora a kan kabad inda yara ba sa kaiwa. Mai gilashi a bakin kasuwa ya ce in kawo hoton Litinin ya auna firam.